Naɗin Alƙalan Babbar Kotun Tarayya: Ta Ina Talaka Yake Shigowa?

A duk lokacin da gidajen rediyo suka ba da labarin cewa an rantsar da sababbin alƙalan Babbar Kotun Tarayya a Abuja, akwai tambayar da ba mu rasa jin ta a majalisun hira na Hayin Banki da Kawo da Unguwar Kanawa, wato yaushe ne Majalisar Dattawa ta tantance waɗannan mutane ba mu ji ba. Ba abin mamaki ba ne a yi wannan tambaya, domin jama'a sun saba jin cewa ministoci da jakadu da shugabannin manyan hukumomi sun gurfana a gaban sanatoci kafin su kama aiki, saboda haka suna ɗaukar cewa wanda za a damƙa wa ikon ɗaure mutum ko sakinsa, shi ya fi kowa cancantar a yi masa tambayoyi a bainar jama'a. Gaskiyar magana ita ce Majalisar Dattawa ba ta tantance su, kuma tsarin mulkin ƙasa bai ce ta yi hakan ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu warware wa jama'a, musamman mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi, yadda ake naɗa alƙalin wannan kotu tun daga tushe, da inda tsarin yake da ƙarfi, da inda yake yoyo, da kuma ƙofar da aka buɗe wa talaka a shekarar 2025 don ya ba da shaida a kan wanda ake shirin naɗawa.

Me ya haɗa talaka da wannan kotu?

Idan ba a manta ba, an kafa wannan kotu ne a shekarar 1973, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, a matsayin kotun harajin tarayya, wadda aikinta ya ƙunshi shari'o'in haraji da kwastan da bankuna da kamfanoni. Tsarin mulkin 1979 ne ya sauya mata suna zuwa Babbar Kotun Tarayya, sa'an nan wata dokar soja ta 1993 ta faɗaɗa huruminta, har tsarin mulkin 1999 ya tattara wannan hurumi a sashe na 251. A 2013 aka yi wa dokar kotun kwaskwarima, aka ƙara yawan alƙalan da za ta iya ɗauka daga 70 zuwa 100. Kotu ɗaya ce a duk faɗin ƙasar nan, amma tana da rassa a jihohi, ciki har da reshen da ke zama a nan Kaduna.

Manomi na iya cewa babu ruwansa da ita, tunda rikicin gona da gado da aure da bashi tsakanin maƙwabta ba a can ake kai su ba, kotunan jiha ne ke da hurumin sauraronsu. Wannan gaskiya ne. To, sai dai kuma yaron da jami'an hukumar NDLEA suka kama da ƙwaya, da ɗan kasuwar da kwastan suka ƙwace masa shinkafa ko mota, da wanda aka kama yana haƙar zinare ba da izini ba a dajin Birnin Gwari, da wanda ake tuhuma da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, dukkansu wannan kotu ce makomarsu. Haka nan duk wanda yake ƙalubalantar matakin da wata hukumar gwamnatin tarayya ta ɗauka a kansa, galibi nan zai nufa. Bugu da ƙari, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora wa kotun sauraron ƙararrakin zaɓen fitar da gwani, wanda hakan ya sa hukuncinta ya raba gardama a kan wanda ya tsaya wa jam'iyyu takara a mazaɓu da dama a zaɓen 2023.

Abin lura kuma shi ne, sashe na 253 ya ce alƙali ɗaya ya isa ya zauna a matsayin kotu. Ba kamar Kotun Ɗaukaka Ƙara ba, inda alƙalai uku ke haɗuwa su yi shawara. Mazauna Kaduna ba za su manta ba, a watan Disamba na 2007 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnan Jihar Delta, James Ibori, a gaban reshen kotun da ke wannan gari. Daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a Kaduna ya kamata a yi shari'ar ba, aka mayar da ita Asaba, inda a watan Disamba na 2009 alƙali ɗaya ya yi watsi da dukkan tuhume-tuhume 170 da ake yi masa. A 2012 Ibori ya amsa laifin zamba da halatta kuɗin haram a gaban wata kotu a Landan, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 13. Har ila yau, a watan Mayu na 2024, lokacin rikicin masarautar Kano, reshen kotun na Kano da Babbar Kotun Jihar Kano sun ba da umarni masu karo da juna, har Babban Jojin Ƙasa ya kira shugabannin kotunan biyu don jin ba'asi, kuma a watan Janairu na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun tarayya ba ta da hurumi a kan batun sarauta. Waɗannan misalai sun isa su nuna cewa sa hannun mutum ɗaya a wannan kujera na iya girgiza jiha guda.

Matakan da ake bi

Sharaɗin farko yana cikin sashe na 250 na tsarin mulki: dole wanda za a naɗa ya kasance lauya wanda ya cancanci yin aikin lauya a Nijeriya, kuma ya shekara aƙalla 10 da samun wannan cancanta. Ke nan sai ya kammala digirin shari'a a jami'a, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, irin reshenta da ke Bagauda a Jihar Kano, an rantsar da shi, kafin a fara ƙirga masa shekarun. Masu neman muƙamin kan fito daga cikin lauyoyi masu zaman kansu, da lauyoyin ma'aikatun shari'a, da manyan majistarori, da magatakardan kotuna, da malaman jami'a.

Tsarin mulki bai fayyace yadda za a zaƙulo mutanen ba. Wannan giɓi ne Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ta cike da ƙa'idojin da ta fitar a watan Nuwamba na 2014, a ƙarshen shugabancin Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta riƙe muƙamin Babbar Jojin Ƙasa. Bisa waɗannan ƙa'idoji, Babban Alƙalin kotun ne zai fara sanar da Babban Jojin Ƙasa yawan alƙalan da yake buƙata. Ba a amincewa sai an duba yawan shari'o'in da ke gaban kotun, an kuma tabbatar da cewa akwai ɗakin shari'a da gidan zama da mota da littattafan da sabon alƙali zai yi aiki da su. Idan an amince, sai a fitar da sanarwa ga masu sha'awa, a kuma rubuta wa shugabannin kotuna da Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa don su gabatar da waɗanda suka san halinsu da iliminsu.

Daga nan sai a tace sunayen, a fitar da jerin wucin gadi wanda bai gaza ninki biyu na guraben da ake da su ba, a rarraba shi ga alƙalai da lauyoyi don jin ra'ayinsu. Kowane mai nema zai cike fom ɗin majalisar, ya kawo takardun karatunsa, da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati, da kwafin hukunce-hukuncen shari'o'in da ya gudanar, yayin da hukumar tsaro ta farin kaya za ta kawo rahoto a kansa. Ƙa'idojin sun ambaci abubuwan da ke hana mutum samun muƙamin, ciki har da kamun ƙafa, da rashin ɗa'a a cikin kotu ko a wajenta, da rayuwar da ta fi ƙarfin abin da mutum yake samu, da gabatar da takardun bogi. Ana kuma la'akari da rabon muƙamai tsakanin jihohi da shiyyoyi, kamar yadda sashe na 14 na tsarin mulki ya tanada.

Wannan tacewa tana gudana ne a ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya, mai mambobi 9: Babban Jojin Ƙasa a matsayin shugaba, da Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, da Antoni-Janar na Tarayya, da Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya, da Shugaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, da manyan lauyoyi biyu, da wasu mutum biyu masu mutunci waɗanda ba lauyoyi ba. Aikin hukumar shi ne ba majalisar NJC shawara. Ita kuma majalisar, mai mambobi 24, sai ta yi wa mutanen tambayoyi baki da baki, ta zaɓi waɗanda ta gamsu da su, ta miƙa sunayensu ga Shugaban Ƙasa.

Shugaban Ƙasa ba shi da ikon naɗa wanda majalisar ba ta gabatar masa ba, amma yana iya jan ƙafa ko ya ƙi sa hannu. An ga haka a 2020, lokacin da majalisar ta miƙa sunayen mutum 33 don zama alƙalan Babbar Kotun Birnin Tarayya Abuja, wadda ita ma Shugaban Ƙasa ne ke naɗa alƙalanta, sai Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da 11 kawai a karon farko. Bayan amincewar Shugaban Ƙasa, sabon alƙali zai bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ya yi rantsuwar kama aiki a gaban Babban Jojin Ƙasa, sa'an nan Babban Alƙalin kotun ya tura shi reshen da ya ga ya dace.

Inda sanatoci suke shigowa

Kujera ɗaya ce kawai a wannan kotu take buƙatar amincewar Majalisar Dattawa, wato ta Babban Alƙali. Idan majalisar NJC ta gabatar da suna, Shugaban Ƙasa zai rubuta wa Shugaban Majalisar Dattawa wasiƙa, a karanta ta a zauren majalisa, a miƙa wa kwamitin harkokin shari'a ya tantance, ya kawo rahoto, sa'an nan a kaɗa ƙuri'a. Kafin a kammala, alƙalin da ya fi kowa daɗewa a kotun ne yake riƙon ƙwarya, kuma riƙon ba ya wuce wata uku sai da shawarar majalisar NJC. Ta wannan hanya Mai Shari'a John Tsoho ya bi a 2019 bayan ritayar Mai Shari'a Adamu Abdu-Kafarati: ya fara riƙon ƙwarya a watan Yuli, aka rantsar da shi a matsayin cikakken Babban Alƙali a watan Disamba. A Kotun Ƙoli kuwa kowane alƙali sai ya bi ta gaban sanatoci, kamar yadda aka yi wa mutum 11 a watan Disamba na 2023.

Jami'an ƙananan hukumomi za su ga cewa tsarin jiha ma kusan haka yake. Gwamna ne ke naɗa alƙalan Babbar Kotun Jiha bisa shawarar majalisar NJC, amma Babban Alƙalin Jiha da Alƙalin Alƙalai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya, su ne ke buƙatar amincewar Majalisar Dokokin Jiha. Majistarori da alƙalan ƙananan kotunan Shari'a da na gargajiya kuwa, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke ɗaukarsu kai tsaye.

Shin a miƙa wa sanatoci dukkan aikin?

Akwai masu ganin cewa tunda daga Amurka muka aro tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, ya kamata mu aro har da yadda suke naɗa alƙalai. A can, kowane alƙalin kotun tarayya ta matakin farko, daga cikin gundumomin shari'a 94 da suke da su, shugaban ƙasa ne ke zaɓo shi, kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa ya yi masa tambayoyi a bainar jama'a, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, sa'an nan ya riƙe muƙamin har iya rayuwarsa. Akwai ma al'adar neman yardar sanatoci biyu na jihar da za a tura alƙalin kafin kwamiti ya saurare shi. Amfanin wannan tsari a fili yake, domin babu abin da yake ɓoye. Amma illarsa ma ba ta ɓuya ba: naɗin alƙalai ya zama fagen dagar jam'iyyu biyu, kujeru kan daɗe babu kowa, har ta kai ga a 2013 majalisar ta sauya ƙa'idarta ta yadda rinjaye mai sauƙi ya isa a wuce da sunan alƙali, maimakon ƙuri'u 60 da ake nema a da kafin a rufe muhawara.

A ganinmu, wannan magani zai fi cutar muni a Nijeriya. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron yawancin ƙararrakin da hukumar EFCC ke shigarwa a kan tsofaffin gwamnoni da ministoci, alhali da dama daga cikin tsofaffin gwamnoni Majalisar Dattawa ce mazauninsu na gaba. Ita ce kuma ta saurari rigingimun tikitin takarar da ya kai wasu sanatocin kujerunsu. Idan aka ce sai lauya ya bi gida-gida yana neman yardar sanatan mazaɓarsa kafin ya zama alƙali, to, an ɗora masa bashin da wata rana za a zo karɓa a ɗakin shari'a. Ban da haka, jama'a sun sha ganin yadda tantancewar wasu manya ke ƙarewa da cewa su rusuna su wuce, ba tare da an yi musu tambaya ko ɗaya ba. Saboda haka nisanta 'yan siyasa daga naɗin ƙananan alƙalai, wanda tsarin mulkin 1999 ya yi, hikima ce da ya kamata a riƙe.

Inda tsarin yake yoyo

Sai dai kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tsarin da ya rufe wa 'yan siyasa ƙofa, ya rufe wa talakawa ma. Idan aka dubi mambobi 24 na majalisar NJC, za a ga cewa 19 daga cikinsu Babban Jojin Ƙasa ne ke naɗa su: tsofaffin alƙalai 5 da suka yi ritaya, da manyan alƙalan jihohi 5, da Alƙalin Alƙalai ɗaya, da shugaban kotun gargajiya ɗaya, da lauyoyi 5 bisa shawarar ƙungiyarsu, da mutum biyu waɗanda ba lauyoyi ba. Shi ne kuma shugaban hukumar da ke ba majalisar shawara. Haka Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya da Shugaban Kotun Ma'aikata, duk suna zama a wuraren biyu. Ma'ana, masu ba da shawara da masu karɓar shawara kusan mutane ɗaya ne.

Ba mutanen waje kaɗai ke wannan koke ba. A watan Oktoba na 2023, Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, a jawabinsa na ban kwana da Kotun Ƙoli, ya koka a kan yadda iko ya taru ya yi yawa a hannun Babban Jojin Ƙasa. A cikin wannan wata ne kuma aka rantsar da sababbin alƙalan Babbar Kotun Tarayya 23, waɗanda ɗaya daga cikinsu ɗa ne ga Babban Jojin Ƙasa na lokacin, Mai Shari'a Olukayode Ariwoola, lamarin da ya jawo ka-ce-na-ce a jaridu. Babu dokar da ta hana ɗan alƙali zama alƙali, kamar yadda babu abin da ya hana ɗan malami gadon karatu, kuma ba mu ce wanda aka naɗa bai cancanta ba. Matsalar ita ce, idan aka yi komai a ɗaki a rufe, jama'a ba su da hanyar bambance wanda ya ci da guminsa da wanda aka ɗauka aka ɗora, sai zargi ya shafi kowa, har da mai gaskiya. Wasu ƙasashen Afirka sun magance wannan ba tare da miƙa aikin ga 'yan majalisa ba. A Afirka ta Kudu da Kenya, hukumomin naɗin alƙalai na yi wa masu nema tambayoyi a fili, har a kan nuna zaman a talabijin.

Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne tsawon wa'adi. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ya mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70, maimakon 65 da alƙalan wannan mataki ke sauka a da. Wanda aka naɗa yana da shekara 40 zai iya yin shekara 30 a kan kujera, wato fiye da zangon mulki bakwai na shekara hurhuɗu. Kansila ko ciyaman ko gwamna idan ya gaza, akwai ranar zaɓe. Alƙali kuwa, sashe na 292 ya ce ba a tsige shi sai Shugaban Ƙasa ya samu shawarar majalisar NJC a kan rashin ɗa'a ko gazawa, shi kuma Babban Alƙali sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun nemi hakan. An yi wannan kariya ne don kada alƙali ya ji tsoron kowa, amma tana nufin kuskuren da aka yi ranar naɗi, jama'a za su daɗe suna ɗanɗana kuɗarsa. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Ƙofar da aka buɗe a 2025

A zamanta na ƙarshen watan Afrilu na 2025, a ƙarƙashin jagorancin Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, majalisar NJC ta yanke shawarar cewa daga lokacin za a riƙa buga sunayen waɗanda ake shirin naɗawa alƙalan manyan kotuna, don jama'a su gani su kuma faɗi abin da suka sani game da su. Wannan shi ne karon da aka ba wanda ba alƙali ba, ba lauya ba, damar sa baki tun kafin aikin gama ya gama. Sanarwar kan zo da wa'adi na 'yan kwanaki, kuma ana buƙatar mai magana ya rubuto da sunansa, tare da takardar rantsuwa da ke tabbatar da abin da ya faɗa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kafin a karɓe kotuna daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, alƙalin da Sarki zai naɗa sananne ne a gari, an san gidansu, an san malaman da ya yi karatu a wurinsu, an san yadda yake mu'amala a kasuwa. A kotunan Shari'a kuma, ko mai ba da shaida ana neman wanda zai tabbatar da adalcinsa kafin a yi aiki da maganarsa. Idan shaida na buƙatar wanda zai tsarkake shi, ina ga wanda zai yanke hukunci? Abin da ya sauya shi ne girman ƙasa. Mambobin majalisar da ke zaune a Abuja suna iya karanta takardun mutum, su auna iliminsa, amma ba su da hanyar sanin lauyan da ya karɓi kuɗin diyyar gonakin wani ƙauye ya riƙe, ko majistaren da ba ya ba da beli sai an bi ta bayan fage, ko wanda ya cinye gadon marayun da aka ba shi amana. Mutanen unguwa da ƙauye ne suka san wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu fahimta. Tunda kotun ɗaya ce, ana iya tura alƙali ɗan asalin Kaduna ya yi aiki a Kalaba ko Fatakwal, a kawo mana ɗan Ebonyi ko Ekiti. Wanda zai yi wa ɗanmu shari'a gobe, mutanen wata jiha ne suka san halinsa, mun dogara da su faɗi gaskiya a kansa. Su ma sun dogara da mu a kan namu. Idan muka rufa wa na gida asiri don kawai gurbin jiharmu ne, to, mun aika wa wasu abin da ba za mu so a aiko mana ba.

Abin da ya rage a gare mu

Matsalar ita ce, ana buga sunayen ne da Turanci a jaridu da shafukan intanet, waɗanda ba sa isa ga mafi yawan mutanen Giwa ko Kauru ko Sanga ko Kubau kafin wa'adi ya cika. A nan ne aikin jami'an watsa labarai na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, da sakatarori da kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni ya taso. Duk lokacin da aka fitar da irin wannan jeri, ya dace a liƙa shi a sakatariya da fadar hakimi, a karanta sunayen 'yan jihar da ke ciki a rediyo da Hausa da sauran harsunanmu, a kuma bayyana ranar da wa'adi zai ƙare. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi da ke Kaduna da Zariya da Kafanchan na iya taimaka wa wanda yake da magana amma bai san yadda ake tsara takardar rantsuwa ba.

Muna kuma jan hankalin jama'a cewa wannan dama amana ce. Wanda zai rubuta ya faɗi abin da ya faru da shi ko ya gani da idonsa, da rana da wuri da lambar shari'a idan akwai, ya haɗa da rasit ko takardar da yake da ita. Jin haushin cewa lauya ya kayar da mutum a kotu ba hujja ba ce, haka nan bambancin addini ko ƙabila ko jam'iyya. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ne da doka ke hukuntawa, kuma idan aka cika majalisar da takardun ƙage, masu son a koma yin komai a ɓoye za su samu abin kafa hujja. Haka kuma wanda ya san alheri ya faɗa, domin shaidar kirki a kan majistaren da ya yi shekaru a ƙauye bai karɓi ko kaza ba, tana iya zama abin da zai rinjayar masa a gaban wanda ya fi shi uwa a gindin murhu.

Daga ƙarshe, gurbin da rabon muƙamai ya ba jiha ba shi da amfani idan babu ƙwararrun da za su cike shi. Jihar da ta haifi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya, Babban Jojin Ƙasa daga 1995 zuwa 2006 kuma shugaban majalisar NJC na farko, da Mai Shari'a Kumai Bayang Aka'ahs wanda ya zauna a Kotun Ƙoli daga 2012 zuwa 2019, bai kamata ta rasa magada ba. Yaron da ya shiga sashen shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello a bana, sai bayan kimanin shekara 16 zai cika sharaɗin sashe na 250, saboda haka ƙananan hukumomi da masu hali da ke tallafa wa ɗalibai, maza da mata, su sa masu karatun shari'a a lissafinsu tun yanzu. Su kuma iyaye a Hayin Banki da sauran unguwanni da ƙauyukanmu, su sani cewa tarbiyyar da suka ba yaro a gida ita ce za a tambayi maƙwabta a kanta ranar da aka buga sunansa.